Ranar da Ba a Zuba Kankare Ba

Kafinta mutum ne da ba a cika jin muryarsa ba. Shekara goma sha tara ya yi yana haɗa katakan da ake zuba kankare a kansu, kuma abin da ya koya game da taron ma'aikata bai wuce abu uku ba: ka zauna a baya, ka gyaɗa kai, ka tashi in an tashi. A duk inda ya yi aiki babba ne ke fara magana, sauran su bi bakinsa. Wanda ya ce "amma" a kansa aikin ke ƙarewa.

Wannan aikin ginin makaranta ne mai hawa biyu, kuma wan matarsa ne ya samo masa shi. Wan matar nan shi ne Mai Rodi, wanda ke lanƙwasa ƙarafan da ake ɗaurawa cikin kankare. Ƙato ne, muryarsa ta fi ƙarar injin yankan ƙarfe, ga ba'a, ga son a ce da shi aka yi. Kafinta yana ce masa Yaya, kamar yadda matarsa ke ce masa.

Mai kula da ginin mace ce, kowa Injiniya yake ce mata. Siririya ce, ba ta kai arba'in ba, hular kwano a kan ɗankwali, takalmanta kullum da busasshiyar laka. Makon farko ma'aikata sun yi ta ƙus-ƙus a bayanta. Kafin wata ya cika sun daina, don sun ga tana hawa tsani ta auna abu da hannunta, ba ta tsaya daga ƙasa tana nuni da biro ba. Abin da bai shiga kan Kafinta ba shi ne taronta. Kafin kowane babban aiki sai ta tara shugabannin sana'a a rumfar da ke gefen sito, ta zauna a kan bulo kamar kowa, ta yi ta tambaya, ita kuma ba za a ji ra'ayinta ba sai kowa ya gama. Mai Rodi ya sa wa taron suna majalisa.

"Mu da muka zo neman na abinci an mai da mu 'yan majalisa," in ji shi. "Saura a ba mu motoci."

An shirya zuba kankaren benen farko ranar Alhamis. Katakan Kafinta sun rufe saman ajujuwa huɗu da babban zaure, sannan suka zarce waje ta baya, inda baranda za ta fito ta wuce bango. A ƙarƙashi sandunan tokare ne a jere kamar shuka, ɗari biyu da wani abu. Na cikin gini suna tsaye a kan daɓen siminti. Na barandar kuwa a kan ƙasa suke, kowanne da faffaɗan katako a gindinsa.

Ranar Litinin da safe Kafinta yana zagayensa, yana bugun kowace sanda da guduma don ya ji amonta, sai ya tarar da guda shida a ƙarshen barandar sun yi sako-sako. Ya ce a ransa leburori ne suka buge su da baro. Ya danna musu guntayen katako a gindi, ya matse. Talata ya sake tarar da su haka. Ya sake matsewa. Laraba ma haka, sai dai wannan karon har yatsansa ya shiga tsakanin sandar da katakon sama.

Da safiyar Larabar nan, kafin ya fito daga gida, ya ɗan taɓa wa matarsa zancen na Litinin da Talata. Tana zaune a bakin keken ɗinkinta tana sa zare a allura, 'yarsu kuma tana neman takalminta ɗaya na makaranta a ƙarƙashin kujera.

"Ka gaya wa Yaya?" matar ta tambaya.

"Yayanki ana gaya masa magana ne? Kafin ka kai rabi ya ba ka amsa uku."

"To ka gaya wa Injiniyar mana."

"In ce mata me? Aikina ne fa. In je in ce sandunan da na kafa da hannuna suna motsi, ban kuma san dalili ba? Shi da ya tsaya mini aka ɗauke ni, da wane ido zai dube ta?"

Ta ciji zaren ta yanke. "Kai dai ka sani. Ni in ɗinki ya ƙi zama sau biyu, warware shi nake yi."

Da la'asar aka taru a rumfa. Su biyar ne: Injiniya, Kafinta, Mai Rodi, Mai Famfo, da Foman, wanda leburori ke ƙarƙashinsa. Foman ya gaji da wayar mai makarantar, wanda ke son ajujuwan kafin yara su dawo hutu. Don haka bai jira a tambaye shi ba.

"Komai ya kammala," ya ce. "Motocin kankare ƙarfe bakwai suna bakin ƙofa. Leburori ashirin da biyar na kira. In Allah ya yarda kafin azahar mun gama."

"Ƙarfe dai an ɗaure," in ji Mai Rodi. "Ko giwa aka ɗora sai dai ta kwana a can."

Aka yi dariya. Mai Famfo, wani gajeren mutum mai yawan taunar tsinke, ya ce bututunsa duk suna wurinsu, ya toshe bakunansu. Idanu suka dawo kan Kafinta. Ya dubi Foman, wanda ya riga ya ɗora hannu a gwiwa zai miƙe, ya dubi surukinsa yana murmushi.

"Lafiya lau," ya ce.

Suka fara tashi suna kaɗe wanduna. Injiniya ba ta motsa ba. Agogon hannunta take kallo.

"Minti huɗu," ta ce. "Ranar da muka yi maganar inda za a ajiye yashi sai da muka ci rabin awa. Ku ɗan zauna, don Allah."

Suka koma suka zauna, Foman yana sakin numfashi.

"Ni ma so nake a zuba gobe," ta ce. "Wataƙila na fi ku so, don ni ake kira da asuba. Shi ya sa ban yarda da kaina ba. Bari mu yi wani abu. Ku ɗauka gobe ce da yamma, mun zuba, benen kuma ya rufto."

"Allah ya kiyaye," in ji Mai Rodi. "Injiniya, wannan ai mugun baki ne."

"Amin. A baki dai na rushe shi, babu wanda ya ji ciwo." Ta buɗe jakarta ta ciro zanen benen, kwafi biyar, da guntayen fensir. Ta miƙa wa kowa ɗaya, ta riƙe ɗaya. "Ya riga ya faɗi, ba tambaya nake ko zai faɗi ba. Kowa ya sa mini alama a inda ya fara. Kada wanda ya leƙa ta wani, kada wanda ya rubuta suna. Ba mai laifi nake nema ba, wuri nake nema."

Kafinta ya juya baya kaɗan, ya ɗora takardar a cinyarsa. Abin ya ba shi mamaki yadda hannunsa bai yi gardama ba. Da an ce ya buɗe baki ya ce aikinsa yana da matsala, da ba zai iya ba. Amma benen da ya riga ya faɗi, ai ya san inda ya fara. Ya yi ɗan zagaye a ƙarshen baranda, ya ninke takardar.

Injiniya ta karɓe su, ta cakuɗa, ta shimfiɗa su a kan wani katako. Ɗaya tana da alama a bakin matakala. Ɗaya a tsakiyar zaure. Sauran ukun duk a wuri ɗaya suke, ƙarshen baranda ta baya.

Mai Famfo ya cire tsinken daga bakinsa.

"Mutum uku ba su haɗa baki ba, suka nuna wuri ɗaya," in ji Injiniya. "Kuma minti goma da suka wuce duk mun ce lafiya lau. To, wa zai fara? Mai Famfo, na ga kamar da magana a bakinka."

Mai Famfo ya sosa ƙeya. "Ba wani abu ba ne fa. Wata biyu da suka wuce, da muna haƙa hanyar bututu ta bayan nan, mun ci karo da baƙar ƙasa, da fasassun kwalabe da guntayen bulo. Kamar tsohon rami ne aka cike da shara. Na ga a wajen gini yake, bai taɓa harsashi ba, sai na kauce masa na wuce." Ya jefar da tsinken. "Sannan ranar Asabar da na gwada ruwa, mahaɗa ɗaya ta yi yoyo a wurin. Sai Lahadi na gani na gyara. Ruwan duk ƙasa ta shanye, ko alama babu a sama."

"Na gode," ta ce, ta rubuta. Ba ta tambaye shi don me bai faɗa ba tun tuni. "Sai wa?"

Kafinta ya gyara zama. "Ɗaya tawa ce," ya ce. Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, sai da Injiniya ta matso. Ya faɗi na Litinin, da na Talata, da na yau da yatsansa ya shiga. Yana magana yana kallon ƙasa, yana jiran Foman ya ce wani abu, ko surukinsa ya yi tsaki.

Ba tsaki aka yi ba. Mai Rodi gyaran murya ya yi, irin wadda Kafinta bai taɓa ji daga gare shi ba.

"Ta ukun tawa ce," ya ce. "Jiya da na hau wurin ina ɗaure ƙarfe, na ji katakon yana ɗan lilo a ƙarƙashin ƙafata. Ko'ina daram, ban da nan. Kuma ƙarfen da ke wurin ya ninka na sauran, don barandar babu ginshiƙi a bakinta." Ya dubi Kafinta, ya kau da kai. "Na yi shiru ne don aikin ƙanina ne. Ni na kawo shi. Na ce in na faɗa a gaban mutane kamar na tona masa asiri."

"Ni kuma na yi shiru don kada in ba ka kunya, Yaya."

"To ka ga," in ji Mai Rodi. "Da mun kashe mutane don kara."

Injiniya ta miƙe. "Mu je mu tambayi ƙasar."

Suka zagaya baya su biyar. Wurin a ido babu abin da ya raba shi da ko'ina: busasshiyar ƙasa, sawun baro, sanduna a tsaye. Mai Rodi ya ɗauko rodi mai tsawon mutum, ya kafa shi kusa da gindin sanda, ya buga masa guduma. Bugu uku na farko ƙasar ta yi tauri. A na huɗu rodin ya zurma da kansa, ya tafi har sai da ya rage kamu ɗaya a waje. Da suka zaro shi, baƙar laka ce mai wari a jikinsa.

Foman ya daɗe yana kallon rodin. Leburorinsa ne za su tsaya a saman nan gobe, da shebur da injin girgiza kankare, wasu kuma a ƙasa.

"Ni ma ina da nawa kason," in ji Injiniya. "Na sa an gwada ƙasar da ginin zai zauna a kai, ban sa an gwada inda sandunan baranda za su tsaya ba. Wannan nawa ne, ba na kowa ba. Yanzu me za mu yi? Foman."

Foman ya ce a zuba na ciki gobe, a bar barandar sai wani lokaci. Mai Rodi ya ce ba zai yiwu ba, ƙarfen barandar daga cikin aji ya taso, in aka raba zubin an raunana wurin da ya fi buƙatar ƙarfi. Suka ɗan ɗaga wa juna murya. Injiniya ta bar su har sai da kowa ya juye abin da ke cikinsa, sannan ta ce Mai Rodi ya yi gaskiya, ta zana a ƙasa da tsinke ta nuna wa Foman dalili. Ya gyaɗa kai, ba don ransa ya so ba.

Sai ta kawo tata shawarar: a kwance sandunan wurin, a haƙe ramin, a cike shi da dutse, a daddanne, a sake kafawa. Kwana huɗu, ko biyar.

Kafinta yana tsugune yana auna faɗin wurin da ido. Bai ankara ba sai ya ji ya ce, "Ba sai an taɓa ramin yanzu ba."

Duk suka juyo.

"Ci gaba," in ji Injiniya.

"A tsallake shi. In muka san inda ya fara da inda ya ƙare, sai a shimfiɗa wani abu mai ƙarfi a kansa kamar gada, kai ɗaya a kan harsashin gini, ɗaya a kan ƙasa mai kyau. Sandunan su tsaya a kan gadar. In an kwance katako bayan kankare ya kama, sai a haƙe ramin a natse. Katako dai ba zai ɗauka ba, tsawon ya yi yawa."

"Akwai manyan ƙarafa biyu a bayan sito," in ji Mai Famfo. "Waɗanda suka rage daga aikin ƙofar shiga. Kullum sai na yi tuntuɓe da su."

Aka bi wurin da rodi ana sokawa taku-taku har aka gano iyakar ramin, Foman da kansa yana ja layi da farar ƙasa. Aka auna ƙarafan. Injiniya ta zauna a kan bokitin da aka kife, ta yi lissafi a bayan zanen, ta soke, ta sake. Sun fi minti ashirin a tsaye suna jiranta.

"Taka ta fi tawa," ta ce wa Kafinta. "Za su ɗauka, har da rara, in aka zuba musu matashi na kankare a ƙarƙashin kan da ke waje. Kwana biyu. Akwai wanda bai gamsu ba? Yanzu ne lokacin faɗa, kuma kun ga abin da shiru ya kusa jawo mana."

Foman ya ce shi damuwarsa matashin, ko zai bushe cikin kwana biyu. Ta ce tambaya ce mai kyau, aka canja zuwa faffaɗan farantan ƙarfe a kan dutsen da aka daddanne. Sannan ta ciro waya ta kira mai makarantar a gabansu. Suna jin muryarsa tana tashi daga cikin wayar kamar ƙudan zuma.

"Ni na ɗaga zubin, ranka ya daɗe," ta ce. "A'a, babu wanda ya yi sakaci. Mutanena ne suka gano wani abu da ni ban gani ba. Asabar, in Allah ya so." Ta saurara na ɗan lokaci. "Na ji. In an zuba gobe, ba da sa hannuna ba."

Alhamis da Juma'a aka yi aikin. Kafinta bai taɓa ganin irinsa ba. A da kowa sana'arsa yake tsarewa, in ka taɓa kayan wani sai an yi cacar baki. A kwana biyun nan Mai Famfo ne ke riƙe masa igiyar awo, masu ɗaurin ƙarfe suna ɗauko masa sanduna, Foman yana tambayarsa, "Nan ko can?" Mutum goma sha biyu suka ɗauko kowane ƙarfe, Mai Rodi yana ba da murya. Sandunan kuwa ɗaya bayan ɗaya aka sauya su, ba a cire ko ɗaya ba sai an kafa madadinta.

Asabar ƙarfe bakwai motoci suka iso. Kafinta ya ɗaura zare daga bango zuwa wani turke, daidai da ƙasan katakon barandar, ya tsaya daga gefe yana kallon tazarar. Kankare ya sauko, injin girgiza ya kama ruri, katakai suka yi ƙara irin ta ɗaukar nauyi. Tazarar ba ta canja ba ko da kaurin farce. Da aka shafe wuri na ƙarshe, Mai Rodi ya leƙo daga sama, fuskarsa duk feshin siminti.

"Ƙanina, yaya?"

"Daram, Yaya."

Bayan mako uku aka kwance katakai, aka janye ƙarafan, aka buɗe ramin. Zurfinsa ya fi tsayin mutum. An kwashe baro arba'in na ruɓaɓɓiyar shara, da tsohuwar katifa, da rabin ƙofar mota. Mai Rodi ya riga ya ba da labarin a gidan Kafinta sau uku, kuma a kowane karo rawar da ya taka tana ƙara girma, har ƙanwarsa ta ce masa in ya sake ba da shi sau ɗaya, shi kaɗai zai ɗauko ƙarafan.

Ranar da ake cike ramin, Kafinta ya tarar da Injiniya a tsaye a bakinsa tana shan ruwa daga gora. Akwai tambayar da ta daɗe tana cinsa.

"Injiniya, don Allah, ranar nan kin riga kin sani ne? Kika bar mu mu faɗa da bakinmu?"

Ta yi dariya har ta kusa ƙwarewa. "Ka tuna alamar da aka sa a tsakiyar zaure? Tawa ce. Ni duk tsorona yana can, don wurin ya fi faɗi. Da na fara magana, da duk mun tafi zaure mun ƙara sanduna, mun koma gida muna jin mun yi aiki." Ta rufe gorar. "Ni zane nake gani da lissafi. Kai kana jin amon sanda, yayanka yana ji a tafin ƙafarsa, Mai Famfo ya san abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Babu ɗayanmu da ya san akwai haɗari. Sai da aka haɗa."

Kafinta ya dubi ramin yana juya maganar.

"Af, na tuna," ta ce. "Ranar Litinin za mu zauna a kan matakala. Zanen da aka kawo bai kwanta mini ba, amma ban san me ke damuna da shi ba. Ka tafi da kwafi gida ka duba. Kada ka nuna wa yayanka sai kowa ya zo da nasa."

Ta miƙa masa takardar, ta wuce wajen masu tagogi, waɗanda tun safe suke jiranta da gardama a kan awo.